Shirun Aku

Ni dai Allah ya yi ni da baki, wannan kowa ya sani a gidanmu, kuma 'yata ni ta gado. Tun kafin ta iya tsayuwa bakinta ya buɗe, shi ya sa kakarta Hajiya, wato uwar maigidana, ta laƙa mata Aku, sunan ya bi ta har na yankan ya ɓace. Yarinyar nan za ta tambaye ka ina za ka, kafin ka amsa ta tambaye ka wa ya saya maka takalmi, kafin ka buɗe baki ta ɗauko maka labarin kazar maƙwabta da ta faɗa rijiya. Hajiya takan toshe kunne ta ce a zo a ɗauke mata wannan rediyon, amma in aka ɗauke ta, kafin la'asar ta aiko a mayar mata da ƙawarta.

To da takardar tafiya karatu ta fito, a kan Aku aka yi rigima. Ina aiki ne a ɗakin gwajin ruwan sha, ni ce mai ɗiban ruwan famfo a kwalabe ina duba ko ya kai a sha, sai aka ba ni gurbin ƙaro karatu na shekara biyu a ƙasar waje. Maigidan ba zai iya barin aikinsa ba. Hajiya ta ce in tafi, Allah ya kiyaye hanya, amma yarinya a bar mata. Na ce shekararta huɗu fa, in na tafi na dawo sai dai a gabatar da ni gare ta kamar baƙuwa. Aka yi ta kai-kawo, maigidan yana tsakiya yana shan matsa gaba da baya. Daga ƙarshe Hajiya ta sakar mini, amma da sharaɗi. Ta ce in ta ga ƙawarta ta canja ko yaya ne, za ta aiko a ɗauko ta, kuma ba ta son jin wata magana a ranar. Na ce na amince. Gani nake me zai canja Aku, yarinyar da ko zazzaɓi ba ya rufe mata baki.

A hanya kuwa ta nuna hali. A jirgin sama ta tsare wani bawan Allah da ke kusa da mu da labari, mutumin da ko "zo" ba ya ji da Hausa, ya yi ta gyaɗa kai har barci ya cece shi, ta tashe shi ta ƙarasa masa. Da muka sauka muka shiga jirgin ƙasa zuwa garin da makarantar take, sai ta manna fuska a gilashi tana kawo mini rahoto: ga shanu ba mai kiwo, ga gida ba katanga, ga tsohuwa a kan keke. Ni kuwa ga akwati biyu ga jaka a baya, ban ma tabbatar da tashar da zan sauka ba. Wata mata mai jar hula ce ta lura da ni, ta karɓi takardar adireshin ta duba, ta sauka tare da mu alhali ba nan ce tasharta ba, ta ja mini akwati ɗaya har bakin tasi, sannan ta koma jiran wani jirgin. Don ruɗewa ko sunanta ban tambaya ba. Har yau ina sa ta a addu'a.

Masaukin da aka ba mu a wani tsohon bene yake, a hawa na sama. Ɗaki ɗaya ne dogo, da 'yar kicin da banɗaki, tagar tana kallon wurin tsayawar bas da wani kantin magani. Daɓen na katako ne, in ka taka sai ya amsa maka. Jami'ar da ke kula da masaukin ɗalibai ta miƙo mini mukulli tana murmushi, ta ce na yi sa'a, don ɗakunan da ake yarda a zauna da yaro ba su da yawa. Ta ƙara da cewa in kiyaye da maƙwabta, in suka kai ƙara mai benen ba zai bar ni in ci gaba da zama ba, kuma abin da zai rage shi ne ɗakin kwanan ɗalibai, inda ba a shiga da yara. Na karɓi mukullin, na riƙe maganar nan a raina.

Washegari da rana ina jera kaya, Aku tana gudu daga ƙofa zuwa taga tana ƙirga bas-bas da waƙa, sai muka ji duka daga ƙarƙashin ƙafarmu. Dum, dum, dum, har kofin da ke kan tebur ya motsa. Aku ta tsaya cak ta kalle ni. Ni ma ban san ko mene ne ba. Sai da na tambayi wata 'yar ajinmu, ta yi dariya ta ce ai maƙwabcin ƙasa ne yake zungurar silin da sandar tsintsiya, wai mun cika hayaniya, kuma in sanda ba ta yi ba, ofishin mai benen zai nufa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. A wurinmu in ɗanka ya dami maƙwabci, leƙowa zai yi ya yi sallama, a gaisa, a tambayi mutanen gida, sannan ya ce yaran nan fa sun hana shi runtsawa, a yi dariya a kore su waje. Amma mutum ya kwanta a ɗakinsa yana yi maka magana da sanda, sai ka ce jaki yake kora? Na so in sauka. Sai na tuna ni matar aure ce ni kaɗai a garin da ban san kowa ba, yarensu kuma a lokacin ban wuce "sannu" da "na gode" ba. In na buga ƙofar namijin da ban sani ba, in ce masa me? Ga kuma maganar jami'ar nan. Na haɗiye fushina na juya kan wadda nake da iko da ita.

Na saya wa Aku safa mai kauri, na ce a cikin ɗaki ba takalmi, ba gudu, ba tsalle. Gwangwanayen da take kiɗa da su na zuba a shara. In ta ɗaga murya sai in sa yatsa a baki in ce, a hankali, na ƙasa zai ji. In ta ja kujera, na ƙasa zai ji. In dariya ta kufce mata, na ƙasa zai ji. Ni kaina na koma magana da raɗa, ni da a gida in ina waya a tsakar gida har mai kanti na bakin layi yana sanin da wa nake magana. Duk da haka sandar ba ta daina ba. Cokali ya faɗi, dum. Ƙofar kabad ta rufu da ƙarfi, dum, dum. Mutumin kuwa ban taɓa sa shi a ido ba. Abin da na sani nasa kawai wasu manyan takalma ne da yake ajiyewa a bakin ƙofarsa, kullum fari fat da wani gari, na ɗauka ma magini ne.

In ban da wannan, garin ya karɓe ni hannu biyu, kuma ba zan yi butulci ba. Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai haƙuri, ranar da na fasa masa kwalbar gwaji mai tsada abin da ya fara tambaya shi ne ko na yanke. 'Yar ajin nan tawa ta kai ni inda ake sayar da rigunan sanyi na gwanjo, ta koya mini yadda ake shiga bas ba tare da an yi wa direba magana ba. Mai kantin magani ya gane ina fama da yaren, kullum na shiga sai ya ɗaga abu ɗaya ya faɗi sunansa, ya jira in maimaita, in na kwafsa ya yi dariya har da riƙe ciki. Da safe in kai Aku gidan renon yara da ke bayan makaranta, in wuce ɗakin gwaji in sa farar riga, in yini tsakanin kwalabe da na'urorin da a da sai a littafi nake ganin su. Da yamma in ɗauko ta, mu dawo, in dafa abinci, in buɗe littafi. Ɗakin tsit. Har alfahari nake yi a raina, wai Aku ta yi hankali, zaman waje ya karɓe ta.

Malamar gidan renon ce ta farkar da ni. Wata yamma na je ɗaukar Aku, ta ja ni gefe ta tambaye ni cikin ladabi ko yarinyar tana magana a gida. Na ce wace yarinyar? Aku? Na yi dariya na ce ai sai dai a roƙe ta ta yi shiru. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce tun bayan kwanakin farko ba ta sake jin muryarta ba, ko kuka ba ta yi da sauti, in ta faɗi sai dai hawaye su yi ta zuba.

A bas na tambayi Aku me suka ci yau. Ta kalle ni. Na ce kin ƙoshi? Ta gyaɗa kai. Na ce mene ne sunan malamarku? Ta juya tana kallon titi. Da muka isa ɗaki na yi mata cakulkuli, ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, jikinta yana rawa da dariya amma ko ƙis ba ka ji. Na zauna a bakin gado ina ƙoƙarin tuna ranar da na ji muryarta ta ƙarshe, na kasa. Wallahi tsoron da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar haihuwarta.

Likita ya duba kunne ya duba maƙogwaro ya ce lafiyarta lau, yara sukan yi haka in an canja musu ƙasa, in ba ta lokaci. Lokacin ne kuma ba ni da shi, don Hajiya ba ta fashin kiran bidiyo. Na yi 'yan dabaruna, yau in ce ta yi barci, gobe in ce tana banɗaki. Hajiya kuwa ba yarinya ba ce. Wata rana ta kira da hantsi ba zato, ta ce in juya wayar. Ta kira ƙawarta, ta tsokane ta, ta ce ta cinye mata duk alewar da ta ɓoye, ta ce ta ba wa 'yar maƙwabta gadonta. A da wannan kaɗai ya isa a yi shari'a har magariba. Aku ta ɗaga mata hannu ta yi ɗan murmushi, shi ke nan.

Na shirya jin faɗa, amma Hajiya ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi ɗanta Auta yana da tafiya sarin kaya, zai biyo ta wajenmu a kan hanyarsa ta dawowa, in haɗa wa yarinya kayanta. Na kira maigidan ina kuka. Ya ce in yi haƙuri, da bakina na amince, kuma shi ma abin da ya gani a wayar ya hana shi barci. Na ajiye wayar.

Auta ƙanin maigidana ne, kayan gyaran keken ɗinki yake sarowa, kuma tun da aka kawo ni gidansu muke tsokanar juna. Ya iso cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da ta mayar da shi kamar buhun auduga. Na ce masa a ina aka yi gwanjon bargo, ya ce matar Yaya, ashe boko ramar da mutum yake yi, ko dai rowar abinci nake yi wa kaina. Muka yi dariya sama-sama. Ya durƙusa ya buɗe hannu yana kiran Akun Baffa. Ta je ta shige jikinsa a hankali, a kan yatsun ƙafa, ba ta ce komai ba. Na ga fara'arsa ta ɗauke. Ya yi ta jan ta da wasa har ya gaji, daga baya ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, jirginsu gobe da hantsi ne.

Bayan azahar na ɗora akwatinta a kan gado ina ninke 'yan rigunanta. Ban san lokacin da na ture akwatin ba, ya sulale ya daki katako da ƙarfi. Ba a ɗau lokaci ba amsa ta zo daga ƙasa, dum, dum, dum.

Sai na ga abin da Aku ta yi. Ta haye kujera da sauri, ta naɗe ƙafafunta sama ta rungume su da hannu biyu, ta zuba wa daɓen ido, ko numfashin kirki ba ta yi. Wataƙila ta sha yin haka ina can kaina a cikin littafi. A ranar dai na gani, Auta ma ya gani.

Fushin da na yi wata da watanni ina dannewa ya taso mini gaba ɗaya. Na ce tunda dai gobe za a raba ni da 'yata, ɗakin me kuma nake lallaɓawa? Na fizgi mayafi, na kama hannun Aku, na sauka matattakala ko takalmi babu. Auta yana bayana yana cewa matar Yaya, ƙasar mutane ce fa, ki tsaya mu yi shawara. Ko waiwayo ban yi ba. Na tsallake fararen takalman nan na dinga dukan ƙofar da tafin hannu.

Wani dogon tsoho ne ya buɗe, mai tumbi, daga shi sai singileti da wandon barci da safa, furfurarsa a miƙe, idanunsa jawur don barci, sandar tsintsiyar tana hannunsa har lokacin. Na yi niyyar yi masa magana da yarensu, don zuwa lokacin na ɗan iya harhaɗa zance. Ina buɗe baki duk ya gudu, Hausa ta zubo. Na ce masa ga yarinyar nan, ya buɗe ido ya kalle ta da kyau, ita yake yaƙa da sanda. Na ce shi bai haifa ba ne, ko shi daga sama ya faɗo da furfurarsa, bai taɓa yin ƙuruciya ba? Na ce ya ji daɗi, ya yi nasara, gobe za a tafi da ita, sai ya kwanta ya yi ta barci har ya gode Allah. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba, don ya haife ni. Muryata ta cika benen, ƙofofi suka fara buɗewa, tsohon kuwa ya saki baki yana kallo na, bai gane ko kalma ɗaya ba.

Ina cikin haka na ji ana jan gefen zanena. Wata 'yar murya ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Umma, a hankali. Na ƙasa zai ji. Zai fito."

Na durƙusa a gabanta. Na ce Aku, waye na ƙasa? Ta leƙa bayana ta leƙa matattakala, ta matso da bakinta kunnena ta ce abin nan ne da yake zaune a cikin katako, mai cin yara masu surutu. Ni ban taɓa ce mata haka ba. Amma ban taɓa ce mata mutum ne ba kuma, na bar yarinya 'yar shekara huɗu ta ƙarasa sauran da kanta.

Na juya ta na nuna mata tsohon, na ce ga na ƙasan nan, shi ne yake bugawa, ga ma sandar a hannunsa. Ta kalle shi tun daga furfura har zuwa ƙafa, inda babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai tsoho ne," in ji ta.

Auta ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya yake ko kuka. Tsohon ya nuna Aku ya tambaye ni me ta ce. Na tattaro ɗan yaren da ya dawo mini, ina haɗawa da hannu, na gaya masa komai: yadda take da surutu a da, yadda ta daina, abin da take zato yana ƙarƙashin daɓe, da jirgin gobe. Ya saurara har na gama. Ya kalli sandar da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganin ta. Ya ce shi mai gashin burodi ne, tun kafin asuba yake fita, da rana yake samun barci. Waɗanda suka zauna a ɗakina kafin ni samari ne masu kiɗa da jan kujeru, da su ya saba da sandar. Bai san akwai yarinya ba. Sannan ya ce bai kuma hau ya duba ba. Bai ce mu yi haƙuri ba, na lura irina ne, kalmar tana yi masa nauyi. Matsawa kawai ya yi daga bakin ƙofa ya ce mu shigo.

Ɗakinsa irin nawa ne sak, sai ƙanshin burodi da ya kama labule. Gadonsa yana daidai ƙarƙashin hanyar da Aku take bi daga ƙofa zuwa taga, silin ɗin wajen duk ya lotsa da tabon sanda. Ya nuna wa Aku gadon, ya nuna mata tabon, ya kwaikwayi minshari, ya zabura kamar an tashe shi, ya ɓata fuska. Ta ɓuya a bayana amma tana leƙe. Sai ya dafa Auta, ya nuna masa sama, ya yi ɗan tsalle a inda yake. Auta ya kalle ni ya ce wai me tsohon nan yake nufi, na ce cewa ya yi ka hau sama ka yi tsalle. Ya ce shi da girmansa da iyalinsa? Na ce wane girma, ai kai ne auta, wuce mu gani.

Ya hau. Can sai muka ji dirim, dirim, har fitilar silin tana lilo. Tsohon ya durƙusa ya miƙa wa Aku sandar. Ta ƙi karɓa, ya jira, bai matsa mata ba, ni ma na kame bakina da ƙyar. Da ta kama, sai ya dube ni yana neman izini, ya ɗaga ta ya ɗora a kafaɗarsa. Ta zunguri silin a hankali. Tsallen ya tsaya cak. Ta zaro ido ta kalle ni. Auta ya sake dirowa, ta sake bugawa, da ƙarfi wannan karon, ya sake tsayawa. Ana haka ana haka sai dariya ta ƙwace mata, dariya mai sauti, irin wadda take yi har da shaƙuwa, kuma hannayenta biyu suna kan sanda, babu na toshe baki. Ta ɗaga kai ta ƙwala wa silin kira, wai Baffa ya yi wa mutane shiru mana, ba ya ganin tsoho yana barci? Na jingina da bango na yi kukana mai isata, ba wanda ya hana ni.

Da Auta ya sauko yana haki, tsohon bai bar shi ya huta ba. Ya yaye zanin gado ya jingine katifa, ya nuna masa ƙofar kicin. Gadon ya ƙi shiga, sai da suka kwance masa ƙafafu. Suka tura shi wani lungu tsakanin firij da bango, wajen da yake ƙarƙashin banɗakina, inda Aku ba ta gudu. Na ce masa a'a, wannan ya yi yawa, mutum da ɗakinsa. Ya galla mini harara ya ce gadonsa ne ko nawa? A lungun nan bawan Allahn nan ya yi ta kwana har na gama karatuna, firij yana yi masa gurnani a kunne, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yi mini gori ba. Mutane da yawa sun yi mini rana a garin nan, amma shi daban ne, ba ni da abin da zan biya shi sai addu'a.

Sai dai magana ba ta ƙare ba. Auta ya share gumi ya ce shi fa ɗan aike ne, ya ga abin da ya gani, amma wadda ta aiko shi ita za ta sallame shi. A nan tsakiyar ɗakin tsohon, katifa a jingine, ya kira Hajiya ya miƙa wa Aku wayar. Fuskar Hajiya ta bayyana. Ta ce ƙawata, an gama haɗa kayan?

Aku ta yi shiru. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta. Na so in ce yi magana mana, na cije leɓe, don bakina ya yi ɓarnar da ta isa. Hajiya ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe baki za ta ce a ba ta Auta.

"Hajiya, kin san na ƙasa? Ashe tsoho ne. Tumbinsa ya fi na Baffa, kuma safarsa a huje take."

Daga nan kuma ba a sake samun wurin sa baki ba. Ta ba ta labarin sanda, da tsallen Baffa, da gadon da aka cire wa ƙafa, ta koma kan malamarsu, da wani yaro mai cin takarda, da tsohuwar da ta gani a kan keke tun ranar da muka zo. Ta kuma tuna da maganar alewa da gadon da aka ba 'yar maƙwabta, ta ce ba ta yafe ba. Hajiya tana ta share ido da gefen mayafi tana cewa to, to, ikon Allah. Da ƙyar Auta ya karɓi wayar. Abin da ta ce masa bai fi haka ba, ya taho shi kaɗai, ya kuma kula da kayan mutane a hanya.

Sannan ta ce a nuna mata mutumin. Auta ya juya wayar. Hajiyar da ba ta sakin fuska da baƙon namiji ta gyara mayafi ta shiga jero masa godiya da addu'a, shi da iyayensa da zuriyarsa, shi kuwa yana tsaye da ƙafar gado a hannu yana gyaɗa kai, kunnuwansa sun yi ja. Da aka kashe wayar na matsa in yi tawa godiyar, ga kunyar abin da na zazzaga masa ɗazu ta rufe ni. Kalmar ban haƙuri ta yi mini nauyi. Ya gane. Ya yi hamma da gangan, ya nuna katifarsa, ya kaɗa mu waje da hannu kamar masu cin bashin barcinsa.

Muka kama hanyar sama. Aku tana gaba, tana dira ƙafa biyu a kan kowace matattakala, tana ba Baffanta labari da iyakar muryarta. Ban ce mata ta yi a hankali ba.